Ado Ma Magana Ne: Daga Gidajen Abincin Sinawa Zuwa Zaurukan Illela

 

Wani tsohon tire ne ya jawo rubutunmu na wannan makon. Ran nan lokacin tara, mun je sayen ƙosai a bakin ƙofar makaranta, sai ɗaya daga cikinmu ya lura da zanen da ke jikin tiren da Inna mai ƙosai take zuba kayanta. Fentin ya fara gogewa, amma ana iya ganin jajayen kifaye biyu suna kewaya wani babban fure, ga kuma wani rubutu a tsakiya mai kama da tagwayen tsani. Muka tambaye ta ma'anarsa. Ta yi dariya ta ce, "'Ya'yan nan, tun kayan aurena yake, ni dai na san kyau ne da shi." Mu ma da muke taƙama da boko ba wanda ya iya ba da amsa.

Da muka bi diddigi, sai muka gano cewa irin wannan zane ne ake ƙawata gidajen cin abinci na Sinawa da shi, a ƙasarsu da sauran biranen duniya, har da Legas da Abuja da Kano. Kuma kowane kifi, kowane fure, kowane launi yana da abin da yake faɗa. Wannan ya sa muka juyo muka tambayi kanmu: to, namu adon fa, na bangon zaure da bayan ƙwarya da gaban babbar riga, me yake cewa? Mu nawa ne za mu iya karanta shi?

Dalilin da ya sa hoto ke magana a wurin Sinawa

Kafin mu shiga gidan abincin, akwai mabuɗi guda da ya kamata mu riƙe. Sinanci harshe ne mai karin sauti kamar Hausa, kuma yana cike da kalmomi masu furuci iri ɗaya amma ma'ana daban. Mu ma muna da irinsu: gari na zama da gari na tuwo, kuka ta miya da kuka na hawaye, wuya ta wahala da wuya na jiki. A Sinanci irin waɗannan kalmomi sun fi namu yawa nesa ba kusa ba. Saboda haka tun da daɗewa masu zanensu suka ɗauki wata dabara: idan suna son su yi wa mutum fatan wani alheri da ba a iya zana shi, sai su zana wani abu da sunansa ya yi daidai da sunan alherin. Wanda ya san harshen yana ganin hoton zai ji fatan a kunnensa.

Kifin tiren Inna misali ne. Sunan kifi a Sinanci "yu", haka kuma kalmar rara, wato abin da ya saura bayan an ci an ƙoshi, ita ma "yu" ce. Don haka zanen kifi fata ne cewa kowace shekara a samu har a yi saura. Shi ya sa ba a raba teburin bikin sabuwar shekararsu da dafaffen kifi, wasu ma sukan bar ragowarsa da gangan ya kwana.

Daga bakin ƙofa zuwa teburi

Abu na farko da baƙo zai fara gani shi ne ja. Ƙofa ja, ginshiƙai ja, ga jajayen fitilu masu siffar kabewa suna reto a sama, galibi bibbiyu. A wurinsu ja launin murna ne da sa'a. Da jajayen kaya amaryarsu ta gargajiya take fita, kuma a cikin jar ambulan ake ba yara kuɗin barka da sabuwar shekara, bikin da kan faɗo tsakanin 21 ga Janairu da 20 ga Fabrairu. Suna da tatsuniyar wani dodo mai suna Nian da ke fitowa ƙarshen shekara yana cin dabbobi da mutane, har aka gano yana tsoron jan launi da wuta da ƙara. Fari kuwa, wanda mu muke sawa ranar Juma'a da ranar Sallah, a gargajiyarsu launin makoki ne. A Hausa kuma duba inda muka ajiye ja: jan aiki, jan hali, jan ido, da jajayen rigunan dogarai. Mu kwarjini da tsanani muke gani a jikinsa, su kuma farin ciki. Launi ɗaya, fassara biyu.

Kusa da ja akwai ruwan zinariya da rawaya. Rawaya launin sarauta ne a tsohuwar ƙasar Sin. Babbar fadar sarakunansu da ke Beijing, wadda aka kammala a 1420, da rawayan tayil aka rufe mafi yawan gine-ginenta, kuma a da talaka ba ya kusantar wannan launi. Sarautar ta ƙare a 1912, launin ya zama na kowa. Mai gidan abincin da ya shafa shi yana nuna wa baƙonsa cewa yau shi ne sarki.

A manyan gidajen abinci za a ga zakuna biyu na dutse a dama da hagun ƙofa. Ku duba ƙafafunsu. Namijin yana dafe da ƙwallo, alamar iko da tsaron gini. Macen tana dafe da ɗanta, alamar kula da waɗanda ke ciki. Da ka shiga kuma, sau da yawa ba za ka hango masu cin abinci kai tsaye ba, domin akwai wani allo ko guntun bango mai zane da ya tare gabanka, sai ka kewaya. Tsofaffinsu sun ce miyagun iskoki a miƙe suke tafiya, ba sa iya kwana. Amma ko ba wannan camfi, bangon yana yin aikin da muka sani sarai: yana kare mutanen ciki daga idon mai wucewa, kamar yadda magininmu ba ya saita ƙofar zaure da ƙofar shigifa.

A jikin wannan allo ko a kan ƙofa akan manna wata jar takarda mai kusurwa huɗu, da harafi guda a tsakiya da ake karantawa "fu", ma'ana albarka ko sa'a. Abin mamaki, wani lokaci a kife ake manna shi. Ba kuskure ba ne. Kalmar "a kife" da kalmar "ya iso" duk "dao" ake furta su. Don haka duk wanda ya ce "albarka tana kife" ya ce "albarka ta iso" ke nan.

Wannan kalma ta "fu" ita ce ta ɗaukaka jemage. Mu a nan ba ma ganinsa da wata daraja, mukan ce shi ba tsuntsu ba shi ba dabba ba. Amma sunansa a Sinanci "fu" ne, daidai da albarka. Saboda haka za ka ga an sassaƙa jemagu biyar a jikin kujera ko faranti, suna wakiltar alherai biyar da Basine ke roƙa wa kansa: tsawon rai, wadata, lafiya da kwanciyar hankali, son kyawawan halaye, da mutuwa cikin salama bayan tsufa. Ku sake karanta jerin nan. Bai yi nisa da abin da kakanninmu ke roƙa mana ba idan mun gaishe su da safe.

Kusa da wurin biyan kuɗi akan ajiye akwatin gilashi cike da ruwa, jajayen kifaye na iyo a ciki. Mun riga mun san ma'anar kifi. Shi kuma ruwa, a tsarinsu na shirya gida da suke kira "feng shui", wato iska da ruwa, alamar dukiya ce mai gudana. A nan ne kuma akan ga 'yar kyanwar roba mai ɗaga hannu tana kiran masu saye. Mutane da yawa sun ɗauka ta Sinawa ce, alhali asalinta daga Japan take, aro suka yi. Ashe su ma suna aro.

A bangon babban ɗaki, musamman inda ake walimar aure, akwai wata halitta ta almara mai dogon jiki kamar mesa, da ƙahon barewa, da ɓawon kifi, da faratan shaho. Sunanta "long", ita ce Turawa ke kira diragon. A tatsuniyoyin Turai muguwar dabba ce mai aman wuta, amma a wurin Sinawa ita ce mai kula da ruwan sama da koguna, kuma tambarin sarki. Mai farata biyar ta sarki ce shi kaɗai a daulolinsu na ƙarshe. Kusa da ita akan zana wata tsuntsuwar almara mai dogon bindi, "fenghuang", tambarin sarauniya. Idan aka haɗa su, ango da amarya ake nufi. Tsakaninsu kuma akan rubuta harafin farin ciki sau biyu a manne da juna, wato farin cikin gida biyu ya zama ɗaya. Wannan shi ne tagwayen tsanin da muka gani a tiren Inna. Ashe tun daga masana'anta tiren aure ne, kuma a kayan aure ya zo mata, ba tare da ita ko mai sayar mata sun sani ba.

Babban furen nan mai ganye cunkus sunansa "mudan", alamar arziki da martaba. Akwai wani kuma ɗan'uwan badon da muke gani a tafki lokacin damina, wanda ke fitowa daga taɓo amma furensa tas, shi ya sa ya zama alamar mutumin da bai ɓaci ba duk da ɓacin wurin da ya tashi. Gora alamar mutunci ce, tana lanƙwasa ga iska ba ta karyewa. Wani farin tsuntsu dangin gauraka kuwa tsawon rai yake nufi. Daga rufi kuma jajayen ƙulle-ƙulle ne ke reto, waɗanda ake saƙawa da igiya guda ɗaya tak, ta shiga nan ta fita can, ba a gane farkonta balle ƙarshenta. Ku riƙe wannan ƙulli a ranku, za mu dawo kansa.

Hatta teburin magana yake yi. Kewayayye ne, domin da'ira a wurinsu alamar haɗuwar iyali ce, kowa na ganin fuskar kowa, kowa na ɗiba daga kwano ɗaya, kamar yadda muke kewaye kwanon tuwo. Kujerar da ke fuskantar ƙofa ta babban baƙo ce. Lambobi ma ba a bar su ba. Takwas, "ba", ta yi kama da kalmar bunƙasa, shi ya sa suke son ta a lambar waya da lambar shago, har aka buɗe wasannin Olamfik na Beijing ranar 8 ga watan 8 na 2008 da ƙarfe 8 na dare. Huɗu kuwa, "si", ta yi kama da kalmar mutuwa, don haka wasu dogayen gine-gine ba su da hawa mai wannan lamba.

Alamar buta

Akwai wani nau'in gidan abinci a ƙasar Sin da adonsa ya sha bamban, kuma shi ne alhazanmu masu zuwa saro kaya a birnin Guangzhou suka fi sani. Ƙasar tana da Musulmi miliyoyi. 'Yan ƙabilar Hui kaɗai sun haura miliyan 10, kuma masallacin Huaisheng da ke Guangzhou yana cikin mafi daɗewa a ƙasar. Gidajen abincinsu sun fi amfani da kore, da kalmar "qingzhen", wadda ke nufin tsarki da gaskiya, wato halal, a da kuma har da rubutun Larabci da ake ja da burushi irin na Sinawa. Tsohuwar alamar da suka gada kuwa, wadda ake zanawa a allon ƙofa, hoton buta ce ta alwala. Matafiyin da bai iya karatu ba, da ya hango butar ya san nan zai ci abinci hankalinsa kwance. Wannan ya nuna mana cewa ado ba ƙawa kaɗai ba ne. Wani lokaci shi ne ke gaya wa baƙo inda zai sa hannu da inda zai janye.

Yadda kifin ya iso Illela

To, ta ina zanen Sinawa ya biyo har ya shigo ɗakunan iyayenmu? Ta hanyar kwano. A da, jeren amarya ƙore ne da akusa da tasoshin tagulla. Daga baya kwanukan fenti suka shigo, da yawansu daga Hong Kong. Bayan samun 'yancin kai a 1960, masu masana'antu daga can suka zo suka kafa kamfanonin kwanuka a Legas da Kano, kamar yadda wani attajirinsu, Cha Chi Ming, ya kafa babbar masaƙa a Kaduna a 1964. Langa da samira da fanteka da tire suka cika kasuwanni, wasu da zanen da aka yi don mu, wasu da zanen da aka taho da shi daga gida. Najeriya da Sin sun ƙulla huldar jakadanci a 1971, kuma yau duk wanda ya zaga kasuwar Illela ranar Lahadi, ko ya tsallaka Ƙwanni, zai ga filas da bargo da labule da faranti masu irin waɗannan furanni. Shekara da shekaru muna cin abinci a kan saƙon da ba mu karanta ba.

Namu adon

Wannan bai dame mu sosai ba, tunda harshen wasu ne. Abin da ya dame mu shi ne da muka gwada kanmu da namu. Mun zana alamomi biyar na gargajiyar Hausa a takarda muka zaga da su tsakaninmu. Guda ɗaya ce kawai kowa ya gane.

Wadda aka gane ita ce dagi. Kalmar a asali tafin ƙafar dabba ce irin zaki ko kyanwa. Zanen kuwa layi ne da ke sarƙe da kansa, ba farko ba ƙarshe, kamar jan ƙullin da muka bari yana reto a gidan abincin Sinawa. Ba muna cewa wani ya kwaikwayi wani ba ne. Mutane biyu da ke nesa da juna sun kalli igiya a sarƙe, kowa ya ga zumunci da ɗorewa. Dagi ya daɗe a jikin riguna da fatu da bangaye kafin zamanin Sardaunan Sakkwato, Sir Ahmadu Bello, Firimiyan Jihar Arewa daga 1954 zuwa 1966, lokacin da ya shahara a matsayin tambarin haɗin kan Arewa. Yau ana ganinsa a ƙofofin gidaje da huluna da allunan shaguna, har da na masu sayar da abinci.

Sai zanko, wato 'yan tsinin nan da ke tsaye a kusurwoyin soro. Wasu na kamanta su da kunnen zomo, wasu da takobi. Suna ba gida kwarjini, kuma magina na cewa suna da aiki: nauyinsu na danne kusurwa, inda ruwan sama ya fi ci, kuma a jikinsu ake ɗaura igiya idan za a hau yin yaɓe. Gidan da zankwayensa ke tsaye cas, an san mai shi yana kula da shi duk shekara.

Sai zanen fuskar zaure. Magini kan yi shi da hannu tun yaɓe na ɗanye, ko ya kankare shi da wuƙa, sannan a shafe da makuba, wadda ake samu daga ɓawon ɗorawa, don ruwa ya zame. Mafi yawan zanen da'ira ne da kusurwoyi da sarƙa, saboda malamai sun hana surar abu mai rai. Akan ga takobi, alamar sarauta ko jarumta, da allo, alamar gidan malamai, da wata da tauraro. A ƙarni na 20, masu kuɗin Zariya da Kano suka fara sa a zana musu keke da agogo da mota da jirgin sama. Wanda aka zana wa jirgi, sau da yawa ya sauke farali ne. Ke nan bangon zaure jarida ce, irin wannan tamu, mai gida na sanar da unguwa matsayinsa ba tare da ya buɗe baki ba. Wanda ya je unguwar Birni a Damagaram, ko Gidan Makama a Kano, zai ga abin da idonsa.

Muna da gwanaye da duniya ta san da su. Muhammadu Durugu, wanda ake kira Babban Gwani, shi ya gina masallacin Juma'a na Zariya a zamanin Sarkin Zazzau Abdulkarimu, wajen shekarun 1830 zuwa 1840, da bakan gizo na ƙasa da azara da har yau masana gini ke zuwa kallo. Kusa da mu ma akwai. A ƙauyen Yama, cikin gundumar Illela ta Nijar, takwarar garinmu da ke jihar Tawa, wani magini manomi mai suna Falke Barmu ya fara gina masallacin Juma'a da ƙasa a 1962. Daga baya ya ƙara masa hasumiyoyi huɗu, kowace da irin adonta. A 1986 ginin ya samu lambar yabo ta Aga Khan, ɗaya daga cikin manyan lambobin fasahar gini a duniya. Mu nawa ne muka taɓa jin sunansa?

A jikin babbar riga akwai aska biyu da aska takwas, dogayen tsinin nan da ke saukowa daga wuya zuwa aljihu, waɗanda ake dangantawa da kariya da martaba. Akwai tambari, da'irar da ta ɗauki sunan gangar sarauta. Dukawanmu kuma sun yi suna da jar fatar akuyar Sakkwato, wadda fatake suka riƙa ƙetare Sahara da ita har Turawa suka ɗauka ta Maroko ce.

Wuraren cin abincinmu

Wani zai ce ai mu masu abincinmu ba su da ado. Suna da shi, sabo ne ya hana mu gani. Ku dubi teburin mai shayi a tasha da asuba: gwangwanayen madara an jera su hawa-hawa, burodi an gina shi kamar bango, ƙwai a kiret. Da zai ɓoye su a ƙarƙashin teburi ya riƙa ɗaukowa ɗaya-ɗaya, shayin ba zai canza ba. Amma jerin yana cewa akwai, ba za ta yanke ba. Wannan shi ne kifin Basine da harshenmu. Ku dubi mai fura da nono: ƙwaryarta an goge ta fes, bayanta da zanen da gyartai ko masassaƙi ya ƙona da wuƙa mai zafi, an rufe da faifai mai launi, ludayi a kife a kai. Kafin ka ɗanɗana, ƙwaryar ta riga ta yi maka rantsuwa a kan tsabta. Baƙin akushi da aka zuba wa baƙo tuwo a ciki yana cewa an girmama shi. Labulen ƙofar mai tuwo yana cewa shigo ka ci cikin sutura. Buta da tabarma a gefen rumfa suna cewa in lokacin salla ya yi ba sai ka yi nisa ba, kusan abin da butar Musulmin Sin ke faɗa.

Bambancin da muka gani shi ne, Basine in ya buɗe gidan abinci a Landan ko Legas yakan tafi da adon gidansu, har wanda bai taɓa zuwa ƙasarsa ba ya gane shi daga nesa. Mu kuwa, sabbin wuraren cin abinci da ake buɗewa a garuruwanmu, yawanci tayil ne da kujerun roba da hoton abincin da ba a ma dafa shi a wurin. Illela ƙofar ƙasa ce. Direbobi da fatake da baƙi daga Nijar da bayanta nan suke fara cin tuwon Najeriya. Me bangon da suke jingina da shi yake gaya musu game da mu?

Sani daban, imani daban

Mun san wasu za su yi tambaya, kuma tambayar tana kan hanya: shin ya dace Musulmi ya tsaya nazarin jemage da kifin sa'a? Abin da muka fahimta daga darasin addini shi ne, babu kifi ko ƙulli ko lamba da ke kawo arziki ko tsare mutum daga sharri. Wannan na Allah ne shi kaɗai, kuma haka hukuncin yake ga aska takwas da duk wani zane namu da aka taɓa jingina wa tsari. Amma sanin abin da mutum ke nufi da alamarsa ba yarda da shi ba ne. Sani ne ma ke ba ka damar zaɓe, ka san abin da za ka rataya a ɗakinka da abin da za ka bari a kasuwa. Wanda bai sani ba shi ne ke saye ido rufe. Mai neman ƙarin bayani ya tuntuɓi malamanmu na addini, matambayi ba ya ɓata.

Aikin da ke gabanmu

Gidajen ƙasa suna faɗuwa duk damina, ana mayar da su na bulo, kuma duk zauren da ya rushe da zanensa yake tafiya. Tsofaffin magina da masu gyaran ƙwarya da maɗinka suna ƙarewa ɗaya bayan ɗaya. Hausawa sun ce kowa ya bar gida, gida ya bar shi. Saboda haka ƙungiyarmu ta ɗauki wani ɗan aiki, kuma muna gayyatar kowa.

Kowane ɗalibi ya nemi abu guda mai zane a gidansu ko unguwarsu: bangon zaure, ƙwarya, faifai, tsohuwar rigar kaka, jakar fata, ko kwanon jeren inna. Ya kwafi zanen a takarda. Ya durƙusa gaban wani babba ya tambayi sunan zanen, da wanda ya yi shi, da abin da ake nufi da shi. In babban ya ce kyau ne kawai, a rubuta hakan, shi ma amsa ce. In mutum biyu sun ba da fassara daban, a rubuta duka biyun. A nemi izini kafin a zana gidan mutane. A miƙa takardun ga kowane ɗan ƙungiya kafin Juma'a ta sama, za mu manna waɗanda suka fi kyau a wannan allo. Muna roƙon malamanmu na Hausa da tarihi da zane su taimaka mana wajen tantancewa, malaman lissafi kuma su duba mana kusurwoyin dagi, don mun ga alamar akwai darasi a ciki.

Mun koma wurin Inna mun gaya mata cewa rubutun tirenta fatan alheri ne ga ango da amarya, kifayen kuma fatan a ci a yi saura. Ta jinjina kai ta ce, "To, Allah ne dai mai bayarwa, amma wanda ya zana ya yi fata nagari." Sannan ta ƙara mana ƙosai biyu gyara.

Sai mun ga zanenku. Allah ya ƙara mana ilimi mai amfani, amin.

Daga Ƙungiyar 'Yan Jarida ta Makaranta